Imel ya ƙi buɗuwa a Windows 7: laifin kamfanoni ne ko na mai kwamfuta?

Mai Bizines Santa: Slm jama'ar gida, don Allah ina da magana kuma ina so a faɗa min gaskiya. Yau da safe wata yarinya tazo shago in firinta mata takardar da makaranta ta turo mata ta imel, na kunna kwamfutar tebur ɗina wacce nake aiki da ita tun kafin a haifi autana, shafin imel ɗin yaƙi buɗuwa sam, sai wani jan rubutu wai haɗin ba amintacce bane, na sake na sake har yarinyar ta gaji ta karɓi kuɗinta ta tsallaka titi wajen wani. Windows 7 ce akai kuma lafiyarta ƙalau, tana Word tana CorelDraw tana firintin. Ni abinda na yarda dashi shine da gangan manyan kamfanonin nan suke kashe tsofaffin kwamfutoci don talaka ya sayi sabuwa, babu wani tsaro, kasuwa ce kawai.

Baba Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Gaskiya ka faɗa Alhaji. Rediyona ta shekara talatin har gobe tana kama tasha, me yasa kwamfuta kaɗai ce ake yanke mata ranar mutuwa?

Injiniya: Wslm. Alhaji kafin mu shiga muhawara, taimaka ka duba ƙasan sikirin ta hannun dama inda agogo yake, wace rana da shekara take nunawa?

Mai Bizines Santa: Tsaya in kunna janareto.

Mai Bizines Santa: Ikon Allah, wai 1 ga Janairu 2010, agogon kuma sha biyun dare

Injiniya: Toh kaga abinda ya faru yau ba hannun kowane kamfani aciki. A kan madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, akwai wani ɗan batiri zagayayye kamar kwabo, CR2032 ake rubutawa a jikinsa, shine yake riƙe agogo idan an ɗauke wuta, naka ya mutu, shi yasa duk ka kunna sai ta koma baya. Shi kuma kowane shafin imel yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza tana duba ranar kwamfutarka taga 2010, takardar kuma ta bana ce, sai tace bata yarda ba. Gyara ranar yanzu zai buɗe, batirin kuma duk mai gyaran agogo yana dashi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma Alhaji zan faɗi abinda bazai maka daɗi ba, ko ya buɗe bai kamata ka ƙara buɗe imel ɗin mutane akan wannan kwamfutar ba.

Mai Bizines Santa: Na gyara ya buɗe, Allah ya saka da alheri. Amma maganarka ta ƙarshe ban karɓe ta ba ƙanena, tunda ya buɗe meye kuma matsalar?

Injiniya: Matsalar itace Microsoft ta daina turawa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, manyan ma'aikatu da suka biya kuɗi aka ƙara musu zuwa Janairu 2023 daga nan aka rufe. Chrome ɗin da kake buɗewa ya tsaya a lamba 109 tun farkon 2023, baya ƙara gaba, Edge ma haka. Duk wata ɓaraka da aka gano a burauza daga lokacin zuwa yau an toshe ta a sababbi kuma an sanar da duniya inda take, ɓarayi suna karantawa kamar yadda muke karantawa, taka kuma tana nan a buɗe. Kamar gida ne da aka buga a jarida cewa makullinsa ya lalace kuma kana kwana aciki da kayan mutane.

Malama: Injiniya na ji ka, amma kar mu wanke kamfanonin nan tas. Gmail yana da wani sassauƙan shafi da ake kira Basic HTML, rubutu ne zalla babu kwalliya, ko sabis ɗinka sanda ɗaya ne zai buɗe, ko kwamfutar ta tsufa zai buɗe. A farkon 2024 Google ta cire shi gaba ɗaya. Wannan shafin wa yake cuta? Wanda yake ƙauye da rarraunan netwok shi aka bari a rana, yanzu sai babban shafin mai nauyi wanda kwamfuta mai RAM giga biyu take nishi kafin ta buɗe shi. Idan wannan ba mantawa da talaka bane a faɗa min sunansa.

Injiniya: Anan kam bani da ja Malama, cire shi asara ce kuma nima ban ga dalilin da ya gamsar dani ba.

Baba Mai Ritaya: Yauwa, ashe kun fara dawowa hanya.

Ɗalibi: Baba da izininka, misalin rediyo bai zauna ba. Rediyo karɓa kawai take, babu wanda zai biyo ta iska ya shigo ɗakinka ya ɗauki lambar asusunka. Kwamfutar da ke kan intanet ƙofa ce mai shiga da fita. A Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da ɗari, asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida ana soke tiyata, kuma gyaran ɓarakar ya fito tun watan Maris, waɗanda basu yi afdet bane ya kama, mafi yawansu ma Windows 7 ne. Abin yakai Microsoft ta fitarwa tsohuwar Windows XP gyaran gaggawa alhali ta sallame ta tun Afrilun 2014. Lokacin akwai gyara mutane ne basu saka ba, yanzu a Windows 7 ko kana so babu.

Mai Bizines Santa: Ɗana wannan asibitin Ingila ne, ni waye zai ɓata lokacinsa akaina, shago ɗaya kwamfuta biyu da fotokofi a lungu? Kuma ina da antibairos.

Ɗalibi: Ai ba mutum bane yake zama ya zaɓe ka Alhaji, manhaja ce suke saki tana bin duk ƙofar da ta samu a buɗe, bata san mai kuɗi ko talaka ba.

Injiniya: Kuma abinda yasa nake matsawa Alhaji, ba imel ɗinka nake jiwa tsoro ba, na mutane ne. Ka tuna su waye suke zama akan kujerar nan. Yarinya mai neman makaranta, matashi mai neman aiki, dattijo mai bin fansho, kowa ya buga fasuwod ɗinsa akan kibod ɗinka, wasu ma kai suke faɗawa ka buga musu. Wannan imel ɗin shine makullin Facebook ɗinsu da manhajar bankinsu da shafin makaranta, duk wanda ya riƙe shi zai iya cewa ya manta fasuwod a turo masa sabo. Na sha buɗe kwamfutocin shago da aka kawo min gyara in tarar da imel ɗin mutum biyar shida a ajiye a burauza ba'a fita ba, dannawa ɗaya ka shiga. Su basu san Windows nawa ce akai ba, kai suka yarda dakai. Amana ce wlh.

Malama: Wannan maganar ta taɓa ni gsky, nima na taɓa barin nawa a buɗe a wani kafe sai da na isa gida na tuna, daren nan banyi barci ba.

Mai Bizines Santa: Naji maganar amana kuma bana wasa da ita. Amma mai ɗaki shi yasan inda yake masa yoyo. Ku da kuke cewa a canza, da me? Kuɗin haya ya tashi, man janareto ya tashi, takarda rim ɗaya kun san yadda ta koma, tona ma haka. Naje Beirut Road nayi tambaya kwanaki, ko ƴar gwanjo mai ɗan dama dama sai na tara cinikin watanni ban taɓa ba. Kuma da nace a saka min Windows 10 akan wannan aka ce itama an daina yayinta, Windows 11 kuma wai kwamfutata bata isa ba. To idan ba kasuwa bace meye wannan?

Injiniya: Gaskiya ne Windows 10 ta ƙare 14 ga Oktoba 2025, sai dai an bada ƙarin shekara ɗaya na gyaran tsaro ga wanda yayi rajista. Windows 11 kuma tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesa na baya bayan nan, a Intel kusan daga ƙarni na takwas zuwa sama, wato kwamfutoci masu yawa da suke aiki garau an bar su a baya. Bazan ce babu lissafin kasuwa aciki ba, akwai, kamfani ba gidan marayu bane. Inda muka rabu dakai shine kace babu wani tsaro. Duka biyun gaskiya ne, suna son ciniki kuma ɓarakar ma tana nan, jin haushinsu baya toshe ta.

Baba Mai Ritaya: Toh amma wa ya basu ikon yanke hukunci akan kayan da na saya da kuɗina? Da ace mota ce kamfani ya daina yin kayan gyara ai makanikai zasu ƙera a Panteka.

Ɗalibi: Baba ai wannan ne ainihin bambancin, Windows a kulle take, babu makanikin da aka bawa damar buɗe cikinta sai masu ita. Shi yasa nake ta kiran mutane zuwa Linux, manhajar da ake sakawa a madadin Windows, ita kowa yana iya buɗe injinta. Laftof ɗin yayana ta 2011 ce, na saka mata Linux Mint mai Xfce, wato samfurinta mara nauyi, kyauta, tana karɓar afdet, Firefox na yau ne akai ba tsoho ba, duk imel yana buɗewa. Na ƙara mata SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, da RAM ya zama giga huɗu, wlh kamar an canza ta.

Mai Bizines Santa: CorelDraw fa? Rabin cinikina katin biki ne da kalanda da satifiket.

Ɗalibi: Babu shi a Linux gsky, akwai Inkscape amma sai ka koya.

Mai Bizines Santa: Kaga ni, shekara nawa ina Corel hannuna ya saba, yaron shago ma shi ya iya, kwastoma kuma da fayil ɗin Corel yake zuwa a fulash. Ku matasa abu baya muku wuya a baki.

Malama: Ɗalibi kar ka raina wannan uzurin, ba kowa ke da lokacin komawa aji ba, mutum yana neman na cefane. Ni tambayata Injiniya, babu wata burauzar da har yanzu take kula da Windows 7?

Injiniya: Firefox 115 ESR itace ta ƙarshe da ta tsaya musu, Mozilla tayi ta ƙara mata wa'adi saboda yawan masu amfani da ita, kuma tana tafe da nata jerin takardun shaida bata dogara da na Windows ba, shi yasa wasu shafukan da suke ƙin buɗuwa a wani wuri suke buɗuwa acikinta. Tafi Chrome 109 nesa ba kusa ba. Amma itama wa'adinta mai ƙarewa ne, kuma su masu imel ɗin dama sigar burauza ta yanzu da wacce ta gabace ta suke gwada shafinsu akai, don haka a hankali zaka ga maɓallin maƙala fayil ya daina aiki, gobe wani abu daban. Sannan ko burauzar tayi kyau ƙasan da take tsaye akai ya tsage. Abinda na roƙe ku kawai, kar wanda ya sauke waɗannan burauzojin da ake yaɗawa wai an gyara su don XP da 7 in bai san asalinsu ba, fasuwod ɗinka kake miƙawa wanda baka sani ba.

Admin: Jama'a an kusa kiran la'asar, a taƙaita.

Injiniya: Alhaji ga shawarar da bata buƙatar sabuwar kwamfuta. Kace biyu gareka. Wacce take Corel ka bar mata Windows 7 ɗinta amma ka zare mata intanet gaba ɗaya, aikinta zane da firintin. Ɗayar mu saka mata Linux Mint, ita kaɗai zata hau intanet, duk mai buɗe imel a tagar sirri zai buɗe, ya tashi a rufe komai ya goge. Wanda yake da waya ma bashi da buƙatar buga fasuwod a shagonka, ya sauke takardar a wayarsa ya turo maka kawai.

Ɗalibi: Sai dai a kula da fulash ɗin da ke yawo tsakaninsu, yawancin bairos ɗin shaguna ta nan yake shiga, wanda yake mayar da fayiloli shotkot.

Baba Mai Ritaya: Ni dai har yanzu ina kan bakana, zalunci ne a mayar da kaya mai lafiya bola. Amma tawa XP ɗin rubutu kawai nake da ita, imel a wayar jikata nake dubawa.

Mai Bizines Santa: Nima ban sauka daga maganata ba akan kamfanonin, Baba muna tare. Amma maganar fasuwod ɗin yaran mutane ta tsaya min a rai tun ɗazu, yanzu na duba burauzar na tarar da imel huɗu a ajiye waɗanda ba nawa ba, na goge su. Injiniya ƙaramar kwamfutar RAM ɗinta giga biyu ne, zata ɗauka? Kuma tsohuwar firintata zata yi aiki da ita?

Injiniya: Zata ɗauka in dai 64 bit ce, amma gara mu ƙara mata ta koma huɗu. Firintar kuma turo min hoton lambar da ke jikinta in duba direbanta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, tukuna, zamu fara gwadawa daga fulash ba tare da mun goge komai ba, in bata yi maka ba mu zare.

Mai Bizines Santa: Toh Asabar bayan azahar zan kawo ta, batirin agogon ma ka tanadar min guda biyu.