Gayauna: kalmar da muke nema tana gona

1. Jiya ina fassara tarihin Dave Grohl, tsohon mai gangar Nirvana, ƙungiyar mawaƙa ta Amurka, sai na cije a kan abin da Turawa ke kira side project, wato aikin da mawaƙi ke yi na kansa baya ga na ƙungiyarsa. Na rubuta "aikin gefe", na karanta, na ji kamar kafinta nake magana a kai. Na goge.

2. Ga abin da ya faru. A 1992, Nirvana na tashe, Grohl ya fitar da wani kaset mai suna Pocketwatch ta hannun ƙaramin kamfanin Simple Machines. Bai ma sa sunansa ba, Late! ya rubuta. Shi ya kaɗa ganga, shi ya kaɗa jita, shi ya rera, abokinsa Barrett Jones na ɗauka. A Nirvana kuwa yawancin waƙoƙi na mawaƙinta Kurt Cobain ne, Grohl na can baya da sanduna biyu.

3. Da ake neman Hausar side project, wani ya ce "sana'ar bayan fage". A'a yallaɓai, bayan fage na warin ɓoye-ɓoye da maguɗi. Wata ta kawo "ɗan taɓa-ka-lashe". Hajiya, wannan maganar riba ce, kuma kaset ɗin ba don kuɗi aka yi shi ba.

4. Ni dai gayauna na tsaya a kai. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya santa: da safe kana gandu tare da 'yan'uwa ƙarƙashin maigida, in an tashi ka ɗauki fartanya ka nufi 'yar gonarka, ka shuka abin da ranka ke so, gyaɗa ko wake. Nirvana gandu, Late! gayauna. 'Yan'uwanmu na Maraɗi gamana suke cewa, duk ɗaya ne.

Kuma kalmar na tafiya da labarin har gaba. Waƙar "Marigold" a gayaunar ta fara tsira, sannan a 1993 ta shiga rumbun gandu, ta fito a bayan faifan "Heart-Shaped Box", Grohl ne ya rera. Da Cobain ya rasu a 1994 gandun ya watse, mai gayauna ya buɗe nasa gandun, Foo Fighters.

5. Na yarda da wanda ya ce ai maigida ne ke yanka wa yaro gayauna, Grohl kuwa ba wanda ya yanka masa. Gaskiya ne. Amma ba dole aro ya zo daidai wuya ba.

6. Saura kalmar demo, wato waƙar da aka ɗauka ta gwaji kafin a gyara. "Daftari" na ofis ne, na kasafin kuɗi. "Somin-taɓi" talla ce, a ɗanɗana maka don ka saya. Na fi son "zubin farko". Waƙar "Friend of a Friend" ta kaset ɗin zubin farko ce, ta faifan Foo Fighters mai suna In Your Honor na 2005 zubi na biyu, shekara 13 tsakani.

'Yan situdiyo na Kano, ku da ke ɗaukar murya kullum, in mawaƙi ya rera na gwaji kafin a gyara, me kuke ce masa a tsakaninku?