Muhawara: Rajistar gawurtattun ɓarayi, kariya ce ko zalunci?

Baba Sufeto: Assalamu alaikum jama'a. Jiya Malama ta ce rajistar gawurtattun masu laifi da 'yan sanda suka ƙarfafa tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu zalunci ce tun daga tushe. Na kwana da maganar nan, kuma ban yarda ba. Ni a wurina babu abin da ya shigo da adalci cikin aikin ɗan sanda kamar rajistar nan da zanen yatsa. Ku tuna yadda ake yi kafin su. A Landan, 'yan sandan ciki da gandurobobi ne ke zuwa gidan yari su ƙare wa sabbin fursunoni kallo, ko Allah zai sa wani ya tuna fuska. Da irin wannan shaidar ta ido aka ɗaure Adolf Beck a 1896, aka ce shi ne wani ɗan damfara da aka taɓa ɗaurewa a 1877. Aka sake kama shi a 1904, sai da mai laifin na ainihi ya shiga hannu sannan aka gane bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Da an ɗauki yatsan wancan ɗan damfarar tun farko, da Beck bai kwana a kurkuku ba.

Baba Sufeto: Sannan bayan yaƙin farko ɓarawo ya samu jirgin ƙasa da mota. Ya yi sata a nan, gobe ya kwana a wata ƙasa da sabon suna. Shi ya sa a 1923 shugaban 'yan sandan Biyana, babban birnin Ostiriya, Johannes Schober, ya tara takwarorinsa suka kafa hukumar da ta zama Interpol. A 1924 Amurka ta haɗe katunan yatsa fiye da 800,000 a ofis guda ƙarƙashin J. Edgar Hoover. Ɗan fashin nan John Dillinger har ƙona kan yatsunsa ya yi da asid a 1934, amma zanen bai ɓace ba. Abin da ɓarawo ke gudu haka, ta yaya zai zama abokin gabar mutumin kirki?

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma. Ba ni da ja a kan Beck, kuma ba ni da ja a kan yatsa. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambaya biyu ce kuka haɗe. Ta farko: wane ne wannan mutumin? Wannan yatsa na amsa ta. Ta biyu: wane irin mutum ne, kuma me zai yi gobe? Wannan yatsa ba ya amsa ta, amma rajistar ta yi kamar ta amsa. Da zarar an rubuta mutum a littafin “masu hali”, an daina hukunta shi kan abin da ya yi, an koma hukunta shi kan abin da ake zaton zai yi.

Autan Zaure: Malama a yi mana bayani da misali, mu ƙanana mu gane. A ina aka yi haka?

Malamar Tarihi: Auta, mu fara da Indiya, domin can ne ma aka ƙirƙiro tsarin jera katunan yatsa da Baba ke yabo. A Kalkata aka buɗe ofishinsa a 1897, ƙarƙashin Edward Henry, da taimakon ma'aikatansa biyu, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, kafin Landan ta ɗauka a 1901. A wannan ƙasar dai Turawan Ingila suna da wata doka tun 1871, wadda suka sabunta a 1924, da ke ba gwamnati ikon ta ayyana ƙabila sukutum a matsayin ƙabilar masu laifi. Ba sai ka yi sata ba, haihuwarka a cikinsu ta isa. Za a rubuta sunanka, a ɗauki yatsanka, ka riƙa kai kanka ana kiran suna, ba ka barin gari sai da takardar izini. Wasu an kwashe su zuwa sansanoni, ciki har da waɗanda ƙungiyar mishan ta Salvation Army ke gudanarwa, a wasu wuraren ma a raba yara da iyayensu. A watan Afrilun 1920, a ƙauyen Perungamanallur kusa da Madurai, mutanen Piramalai Kallar suka ƙi dangwala yatsa, 'yan sanda suka buɗe wuta, aƙalla mutum 16 suka mutu. Mutanen yankin da “dokar zanen yatsa” suka san ta. Ba a soke ta a duk faɗin Indiya ba sai 1952.

Baba Sufeto: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan zalunci ne, ba zan kare shi ba. Amma 'yata, wannan halin mulkin mallaka ne. Wuƙar da ake yanka ragon suna da ita, da ita wani ke kashe mutum. Kada mu bar jaki mu koma dukan taiki.

Barista: Yallaɓai, da a ce a ƙasashen da aka mallaka kaɗai aka yi, da na bi bayanka. Amma a gidajensu ma sun yi wa nasu. Ingila ta yi doka a 1908, ta ci gaba da aiki har bayan yaƙi na biyu: wanda aka taɓa samu da laifi sau uku tun daga shekara 16, in ya sake, bayan ya gama wa'adinsa ana iya ƙara masa shekara 5 zuwa 10 na tsarewar rigakafi. An ce don riƙaƙƙun 'yan fashi aka yi ta. Sai ga wani tsoho da ke kiwon tumakin gidan yarin Dartmoor, sule biyu ya sata a akwatin sadaka na coci, aka ba shi shekara 3 da ƙarin 10. Churchill da kansa, lokacin yana ministan cikin gida, ya sa aka sake shi. A jihar New York kuwa, dokar Baumes ta 1926 cewa ta yi babban laifi na huɗu ɗaurin rai da rai ne, alƙali ba shi da ta cewa. Faransa, bisa wata doka ta 1885, ta riƙa jigilar masu maimaita laifi zuwa Giyana a Kudancin Amurka, da yawansu ƙananan ɓarayi ne da marasa wurin kwana.

Baba Sufeto: Barista ka ƙarasa labarin tsohon mana. Bayan Churchill ya sake shi a 1911, ai bai daɗe ba ya gudu daga inda aka samar masa aiki, ya koma ruwa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hali zanen dutse.

Barista: Haka aka yi Yallaɓai, ban musa ba. Amma ina tambaya: mutumin da iyakar ɓarnarsa 'yan sulalla ce, ko sau goma ya maimaita, shekara 13 ta dace da shi?

Hajiya Mai Shago: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ban yi karatunku ba. Sau uku aka fasa mini shago cikin shekara biyu, kuma mutum ɗaya ne, kowa a layinmu ya san shi. Duk lokacin da aka kai shi gaba sai ya ba da wani suna, a ɗauke shi kamar yau ya fara. Jarina ya karye, sai da na sayar da 'yan kunnena na sake tayar da shagon. Ku masu tausayin ɓarawo, mai kaya fa? Ni da akwai littafin da zai nuna alƙali cewa wannan karo na uku ne, wallahi da na yi murna.

Malamar Tarihi: Hajiya Allah ya mayar miki da alheri. Abin da kike nema haƙƙinki ne, kuma ba shi nake suka ba. Alƙali ya san tarihin wanda ke gabansa bayan an tabbatar ya yi sabon laifi, wannan daidai ne. Abin da nake magana a kai shi ne ranar da aka cire alƙalin daga tsakani. Bari in kawo Jamus, don can abin ya fito fili.

Mutane na ɗauka Hitler ne ya fara. Ba shi ba ne. Tun 1899 'yan sandan Munik ke da ofishi na musamman mai tara sunayen Sinti da Roma, mutanen nan da wasunsu ke yawo da keken doki daga gari zuwa gari. A 1926 jihar Bavariya ta yi musu doka, ta haɗa su da waɗanda ta kira masu gudun aiki. A 1927 jihar Purushiya ta ba da umarnin a riƙa ɗaukar yatsunsu. Na 1926 da na 1927 duk a zamanin dimokuraɗiyya aka yi su, da majalisa da jaridu. A shekarun nan ne wani masanin aikin 'yan sanda, Robert Heindl, ya yaɗa ra'ayin cewa 'yan tsirarun mutane da suka mai da laifi sana'a su ke aikata yawancin ɓarna, a kulle su har abada a huta. 'Yan sanda da yawa suka rungumi ra'ayin.

Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, sun tarar da komai a shirye. A Nuwamban shekarar aka yi abu biyu. Aka kafa dokar da ta ba kotu ikon tsare “mai hali” ba iyaka bayan ya gama wa'adinsa. Sannan Purushiya ta ba 'yan sanda ikon tsare wanda aka taɓa ɗaurewa sau uku, kowanne aƙalla wata shida, ba tare da ya yi sabon laifi ba, ba tare da ya ga alƙali ba. A watan Maris na 1937 Himmler, shugaban 'yan sandan Jamus, ya ba da umarni aka kwashe kimanin mutum 2,000 zuwa sansanonin gwale-gwale. Daga ina aka samo sunayensu? Daga katunan nan. A sansani ƙyalle kore mai kusurwa uku ake ɗinka musu a riga. Fayilolin Munik kuma aka kwashe su zuwa Barlin a 1938, kun san kisan ƙare dangin da aka yi wa Sinti da Roma bayan nan. Ita kanta hukumar Biyana da ta zama Interpol ta faɗa hannunsu bayan an haɗe Ostiriya da Jamus a 1938, har Heydrich, babban jami'in tsaro na Nazi, ya zama shugabanta a 1940. Tun ran gini tun ran zane, Baba.

Baba Sufeto: Amma ai dokar tsarewar ta kotu ba ta mutu da Hitler ba. Har yau Jamus na da ita, an dai yi mata gyare-gyare. Ashe ke nan akwai buƙatarta. Akwai mutanen da in ka sake su, wani gida zai yi makoki. Na ga irinsu da idona. Rigakafi ya fi magani.

Barista: Tana nan Yallaɓai, amma dubi irin takunkumin da aka sa mata: kotu ke yankewa, ana sake duba lamarin mutum lokaci lokaci, kuma a 2009 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce Jamus ta yi laifi da ta tsawaita tsarewar wani bisa dokar da aka yi bayan an yanke masa hukunci. Na 1937 ba kotu, ba lauya, ba ranar fita. Kuma waɗanda suka tsira daga sansani da koren ƙyalle ba a ɗauke su cikin waɗanda aka zalunta ba, ana cewa ai dama ɓarayi ne. Sai a Fabrairun 2020 majalisar dokokin Jamus ta amince cewa su ma an zalunce su, lokacin kusan duk sun mutu.

Direba: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa a tasha, zuciyata ta kasa haƙuri. Ƙanena ya ɗauki wayar wani yana ɗan shekara 19, ya yi wata tara a gidan yari. Ya fito ya tuba, ya koyi walda, ya yi aure. Shekara shida bayan nan, duk dare da aka yi sata a unguwa, ƙofarsa ake fara bugawa. Sau huɗu ina zuwa belinsa, ba a taɓa samunsa da komai ba. Mai garejin da yake aiki ya gaji ya sallame shi. A ƙarshe garin ya bari da matarsa da 'ya'yansa biyu. Hajiya, na tausaya miki ƙwarai, Allah ya sani. Amma shi ma nawa ɗan'uwan an karya masa jari, kuma ba wanda zai kai ƙara.

Hajiya Mai Shago: Allah sarki. Malam, Allah ya buɗa masa inda ya koma. Wannan kam ba shi nake nufi ba.

Autan Zaure: To Baba, a rajistar ta wancan zamani, in mutum ya shiryu ana goge sunansa?

Malamar Tarihi: Auta, a Indiya ai 'ya'yansa ma gadon sunan suke yi. Har yau zuriyar waɗancan ƙabilu na kukan cewa in an yi sata su ake fara nema, shekara fiye da 70 bayan soke dokar.

Baba Sufeto: Malam Direba, maganarka ta taɓa ni, domin na san irin bugun ƙofar nan. Ni ma na buga. In aka kawo ƙarar fasa shago da safe, littafin muke fara buɗewa kafin mu je mu ga shagon, don ya fi sauƙi, kuma manya na jiran a ce an kama wani. Ban janye ba a kan yatsa, Malama. Ya fitar da marasa laifi, ya tona asirin masu sauya suna, irin wanda ya cuci Hajiya. Amma tsare mutum ba tare da alƙali ba, da rubuta ƙabila a littafi, waɗannan na bar miki su. Tambayar Auta kuma na zauna na yi lissafi: shekara 31 na yi ina aiki, na rubuta sunaye ba adadi, ban tuna ranar da na goge ko ɗaya ba. Malam Direba, in ba damuwa ka turo mini lambar ƙanen naka ta gefe, akwai wani ɗana mai garejin walda da ke neman hannu.