Akwatin modula na farko: me zan ce yayana ya taho mini da shi daga Jamus?

Ɗan_Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan situdiyo a Aboabo nan Kumasi, ɗaki ɗaya ne bayan shagon wani tela, aikina yawanci tallan rediyo ne da waƙoƙin biki, sai jefi-jefi yaran da ke yin fim a Zango su kawo mini in sa musu sauti, ƙarar iska, tsawa, wurin da aljani zai fito da dai sauransu. Duk da laftof nake yi da FL Studio da wani tsohon kibod.

To yayana boga ne, wato ɗan gida mazaunin Turai, a Hamburg, zai zo gida bayan sallah, ya ce in faɗi kayan aikin da nake so ya sako mini a jaka, ni kuwa raina ya daɗe yana biya wa sintesaizar nan ta modula, na'urar ƙirƙirar sauti da ake harhaɗawa da ƙananan sassa da ake kira modul ana jona musu wayoyi, Eurorack. Har ya samo akwati na hannu mai 84HP (HP shi ne ma'aunin faɗin modul) da fawa mai ba su wuta a ciki, amma fanko ne, kuma kuɗin da ya ware ba zai wuce modul huɗu ko biyar ba, su ma na hannu.

Lissafin da na yi: osileta biyu masu fitar da sauti, filta biyu masu tace shi, da guda mai eko. Abin da nake nema dai shi ne sautin kalangu mai lanƙwasa murya, da kiɗan da zai riƙa juya kansa ba sai na zauna ina zana kowane bugu da maus ba har bayana ya ƙage. Don Allah waɗanda suka taɓa abin nan da hannunsu su duba mini kafin in tura masa, don in ya saya ya hau jirgi magana ta ƙare.

Nima_Sound:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka tura wannan lissafin tukuna. Osileta biyu da filta biyu ba abin da zai motsa su, in ka kunna ƙuuuu kawai za ka ji har ka gaji ka kashe. Osileta ba ta san farawa ba ba ta san tsayawa ba, tana ta kuka ne tun daga lokacin da wuta ta shige ta. Abin da ke mai da kukan nan kiɗa shi ne wutar da ake aika mata ta waya, CV ke nan, wadda ke ce mata hau, sauka, buɗe, rufe. A akwati ƙarami mai fitar da sauti guda ɗaya ya isa, sauran gurbin duk ka ba wa masu motsa shi.

Ɗauki kalangun da kake so. Je ka tsaya kusa da makaɗi a gidan suna ka kalli jikinsa da kyau, za ka ga aiki biyu yake yi kuma kowane da lokacinsa. Hannun dama na bugu da gula, tau, sautin ya tashi nan take ya mutu a hankali. Hammata kuma na matse tsarkiya, fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauko, kuma sau da yawa bayan ya buga ne yake matsewa shi ya sa kake jin muryar tana jan ciki tana hawa. To a modula ma wayoyi biyu ne. Embulof, wato wutar da ke tashi ta sauka sau ɗaya in an ba ta bugu, mai saurin tashi ya tafi VCA ko lofas-get, ƙofofin da ke buɗe sauti su rufe shi, shi ne gula. Wata wutar mai tafiyar hawainiya ta tafi ramin da ke riƙe da tsayin murya, ita ce hammata. A Eurorack bolt 1 oktaf ɗaya ne, rabin murya kuma kashi ɗaya cikin 12 na bolt, kusan 0.083, don haka in ka zuba wa osileta embulof mai bolt 8 kai tsaye ba kalangu za ka ji ba, bindigar wasan yara za ka ji. Dole sai ka bi da shi ta mai rage ƙarfi, ka murɗa ƙasa ƙasa har hawan ya dawo kamar rabin bolt.

Shi ya sa ni da zan zaɓa maka, Maths na Make Noise ne farko. Faɗinsa 20HP, mutane na cewa ya cika cin wuri, amma layi na 1 da na 4 kowane yana iya zama embulof, ko LFO, wato wutar da ke hawa da sauka a hankali ba tsayawa, in ka danna ya riƙa maimaita kansa, ko ya tausasa tsallen murya daga wannan zuwa waccan, layi na 2 da na 3 kuma su ne masu rage ƙarfi da juya wuta kife, ga ramin da ke tara su duka. Gula da hammata a modul ɗaya ke nan. Tunanin ba sabo ba ne, daga kayan Don Buchla da na Serge aka ɗauko shi. Shi Buchla tun shekarun 1960 a California ya ƙi sa fiyano a na'urarsa, Robert Moog kuma a New York ya sa, kuma wannan sautin ganga mai taushi da ake samu da lofas-get ɓangaren Buchla ne.

Mai sauti kuwa Plaits, 12HP. Akwai ganguna a ciki, akwai mai kama da tsinken molo, akwai ƙarar iska don fim ɗinka, kuma yana da nasa lofas-get a ciki, in ka ba shi bugu da kansa zai buɗe ya rufe. Mutable Instruments na Faransa da suka yi shi sun rufe a 2022, amma mai kamfanin, Émilie Gillet, ta bar zanen da manhajar a buɗe ga kowa, shi ya sa kwafinsa ya cika kasuwa, wasu ma sun fi na asali ƙanƙanta. Na uku Pamela's New Workout na ALM, 8HP, agogo ne mai aika wa sauran modul bugu, mai baki takwas. Ka ga 40HP ke nan, ka ƙara VCA mai layi huɗu da ɗan modul na fitar da sauti zuwa miksa, sauran gurbin ka rufe shi da fanko ka bar shi.

Filta ta jira. Eko kuma kana da shi a laftof kyauta.

Baba_Mai_Gyara:

Yaro, ni ban san kiɗa ba, amfilifaya da miksa nake gyarawa a Alabar, amma an taɓa kawo mini irin akwatin nan, to ga abin da zan gaya maka. Wuta uku ke ciki, +12 da -12 da +5. Wayar da ke kai wa modul wuta shimfiɗaɗɗiya ce mai fil 10 ko 16, gefe ɗaya da jan layi, jan layin nan shi ne -12. Ka duba bayan modul ka duba allon akwati ka ga inda aka rubuta -12 kafin ka soka, kar ka yarda da bakin filogin kawai don akwai wayoyin da aka matse su a juye. Wasu modul na da kariya wasu babu, in ka juya sai dai ka ji ƙauri. Kuma kar ka cire ko ka soka modul akwati na kunne.

Ka tara miliamf ɗin da kowane ke ja a +12 daban, a -12 daban, kar jimillar ta kai ƙarshen abin da fawa ke bayarwa, ka bar mata kamar kashi ɗaya cikin huɗu ta yi numfashi. Wutar Jamus 230 ce 50Hz irin tamu, ba matsala, bakin filogi ne kawai nasu zagayayye namu mai ƙafa uku, sai adafta mai kyau ba ta bakin titi ba. Da daga Amurka ne sai ka karanta jikin caja ka ga ko an rubuta 100 zuwa 240. Ka sa UPS ko aƙalla sitabilaiza, kar ka jona kai tsaye da janareto, in an ɗauke wuta ka zare filogi don lokacin dawowarta ne take ɓarna. Da hunturu ka lulluɓe shi da zane saboda ƙura na shiga ramukan, da damina kuma ka san laimar Kumasi.

Hajiya_Madina:

Ni tallan rediyo nake yi a Accra kuma zan faɗi abin da masu son abin nan ba sa faɗi da wuri. Ba ya ajiye komai. Ka yi haɗi mai daɗi yau, ka zare wayoyi, ya tafi. Mai maganin gargajiya zai kawo maka talla ka yi masa, bayan sati ya dawo ya ce Malam a canja lambar waya a ƙara daƙiƙa biyar amma kiɗan ya zauna yadda yake, a FL buɗe fayil kawai za ka yi, a nan sai ka zauna kana tuno inda kowane maɓalli yake. Duk abin da ya fito mai kyau ka ɗauke shi nan take, dogo, minti biyar ko goma, ka yanka daga baya, ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka. Kuma murya ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, waƙar biki mai fiyano cike da hannu ba aikinsa ba ne.

Sannan Yaya Nima_Sound, bayaninka na hammata ya yi, amma kalangu magana yake yi fa. Makaɗi na bin hawa da saukar muryar Hausa ne, yana kiran sunan uban amarya da kirarinsa, mutanen wurin na ji suna ganewa shi ya sa suke tashi su yi liƙi. LFO ba ta san sunan kowa ba. In ƙanen namu na so ya yi magana to hammatar nan dole hannunsa ne zai riƙe ta, ko ɗan sandan murɗawa ko faifan da ake dannawa da yatsa, ko KeyStep na Arturia da ke da ramin CV a baya. Wurin aljani da tsawa kam na yarda, nan ba mai kama shi.

Tech_Boy_12:

Salam manya. Ni ɗalibi ne a KNUST, ba ni da ko modul ɗaya na ƙarfe, a VCV Rack nake komai, manhajar da ke kwaikwayon modula a kwamfuta, kyauta ne tun 2017 kuma kayan Mutable suna ciki da sunan Audible Instruments, Plaits ɗin shi ne Macro Oscillator 2. Yaya Ɗan_Aboabo ka sauke shi yau ka haɗa daidai abin da aka lissafa maka ka gani ko zai shiga ranka kafin boga ya kashe yuro. Akwai kuma ModularGrid inda za ka jera akwatinka ya lissafa maka HP da miliamf ɗin da Baba ya ce.

Kan kiɗa mai juya kansa, abin da ya sa ake son Pamela shi ne tsarin Yuklid. Kana ba shi lamba biyu, gurbi nawa da bugu nawa, shi kuma ya raba bugun daidai gwargwado a cikin gurbin. Godfried Toussaint ne ya rubuta takarda a kai a 2005, ya nuna kiɗe-kiɗen gargajiya da yawa haka suke. Sa gurbi 12 bugu 7, ka juya mafarinsa har ya zauna, za ka ji ƙararrawar nan ta Ewe da ake bugawa a agbadza, tazararta 2-2-1-2-2-2-1. Sa wani bakin gurbi 12 bugu 4 ya zama ƙafa, wani gurbi 12 bugu 3, uku na gogayya da huɗu ke nan, jikinka zai gane tun kafin kanka. Gurbi 8 bugu 3 kuma shi ne 3-3-2 da ke ƙarƙashin rabin waƙoƙin da ake sa wa a trotro. Amma ƙararrawar kpanlogo ba ta fita da wannan lissafin, ita 3-3-4-2-4 ce cikin 16, rabon bai zo daidai ba, sai dai ka rubuta ta da hannu a sikwensa, mai jera bugu, ko ka aiko ta daga laftof.

In gurbi ya ragu ka duba Turing Machine na Tom Whitwell, 10HP, yana zubo muryoyi barkatai, in ka ji wanda ya yi maka ka murɗa babban maɓallin ƙarshe ya kulle yana maimaitawa, in ka ɗan sassauta ya riƙa canja ɗaya-ɗaya. Sai dai yana son kwantaiza, modul mai daidaita muryoyi, a gabansa ka tsare shi a murya biyar, in ba haka ba shirme zai yi ta yi.

Ɗan_Aboabo:

Kai, Allah ya saka da alheri, Baba na gode, Hajiya maganar mai maganin nan kamar kin san mutumina. Na sauke VCV ɗin, na sa 7 cikin 12 har telan gabana ya leƙo yana tambaya wa ke biki. Na cire filta da osileta ta biyu. Tambaya ɗaya ta rage, zan iya jona shi kai tsaye da sawunkad ɗina ko dole sai modul na fitarwa? Kuma Maths ɗin in bai samu na hannu ba fa?

Nima_Sound:

Sautin modula na kaiwa bolt 10 daga sama zuwa ƙasa, ya fi na kibod zafi sosai. Za ka iya shiga ramin layi na sawunkad in ka rage shi da VCA tukuna kuma gen, maɓallin ƙarfin shiga, na ƙasa, ramin makirfo ne dai kar ka kusanta, kuma ka kashe wutar bolt 48 ɗin nan ta makirfo. In kuɗi ya matse modul na fitarwa ne zai jira, ba VCA ba. Maths kuwa yana yawo a kasuwar hannu ta Jamus sosai don can ne gidan Eurorack, Dieter Doepfer ne ya fito da tsarin da A-100 a tsakiyar shekarun 1990, in kuma bai samu ba akwai Abacus na Behringer da aka kwaikwaya daga shi, ya fi araha. Ka ce masa ya haɗo da wayoyin jonawa masu kan 3.5mm mono kamar ashirin, gajeru da dogaye, da sukurori M3 da ƴan wayoyin fawa na ajiya, don waɗannan ko ka zaga Kejetia da Adum da wuya ka samu irinsu. Kuma ya sa mai sayarwa ya kunna kowane a gabansa ya murɗa duk maɓallan kafin ya biya.