Wace gudummawa Tafawa Ɓalewa ya bayar a majalisa da ta shafi talakan ƙauye?

Malamin tarihi, daga ƙasar Gwaram:

Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata ƙaramar sakandare da ke ƙauye, kuma na lura abin da ɗalibaina suka sani game da marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa bai wuce uku ba: shi ne mai hoto a jikin naira biyar, shi ne Firayim Minista na farko, kuma an kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Alhali kuwa mutum ne da ya yi kusan shekara ashirin yana tashi a zauren majalisa yana magana. Ina roƙon iyayenmu da malamanmu su ƙara mini haske: a cikin muhawarorin da ya yi, wacce ce ta taɓa rayuwar manomi da makiyayi a irin garuruwanmu, har zan iya kafa wa yara hujja da ita?

Tsohon hedimasta, daga ƙasar Ɗambatta:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi maka albarka, domin ka nemi abin da aka fi mantawa da shi. An haifi Ɓalewa a 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koma Bauchi ya koyar a makarantar Midil har ya zama shugabanta. Bayan ya dawo daga ƙarin karatu a Landan a 1946 ya shiga Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, daga nan ya wakilci Arewa a majalisar ƙasa da ke Ikko a 1947. Ya zama ministan ayyuka a 1952, daga baya na sufuri, sannan Firayim Minista a 1957.

Amsar tambayarka tana cikin watan Agustan 1950. A lokacin ne ya gabatar da ƙudiri a majalisar Kaduna yana neman a kafa kwamiti ya binciki tsarin mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, baki ɗaya, a gyara shi. Matasan yau ba za su ga nauyin wannan ba sai sun san yadda abin yake a da. Sarki shi kaɗai ne hukuma a ƙasarsa. Hakimi, alƙali, ɗan doka da gidan yari duk a hannun En'e suke, kuma a bayan sarki akwai jami'an Turawan mulkin mallaka, Razdan da Di'o. Na taso na tarar da mahaifina yana ajiye takardar haraji a cikin wani ɗan gwangwani, ba ya kuskura ya tafi cin kasuwa sai ya cusa ta a aljihu, saboda ana iya tare mutum a bakin gari a ce ya nuna ta, in babu kuwa ya sha wulaƙanci a gaban jama'a. A irin wannan zamani ne wani malamin makaranta, wanda shi ba ɗan sarauta ba ne, ya miƙe a gaban Turawa da manyan fadawa ya ce talaka ba shi da bakin magana a tsarin da ake mulkinsa da shi, kuma cin hanci ya yi katutu a cikinsa.

Ƙudirin ya samu shiga, an yi binciken, kuma a shekarun da suka biyo baya aka soke matsayin sarki na zama hukuma shi kaɗai, aka wajabta masa yanke shawara tare da majalisarsa, aka kuma yi sabuwar dokar En'e a 1954. A ganina babu wani jawabi nasa, har da na ranar samun 'yancin kai, da ya kai wannan amfani ga mutumin ƙauye.

Ɗan gidan Sawaba, daga ƙasar Ringim:

Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka kawo ba, amma ina ganin ka bar rabin labarin. A wannan wata na Agustan 1950, ranar 8 ga wata, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma abin da ta faɗa a kan En'e ya fi na majalisa kaifi nesa ba kusa ba. Ɓalewa ya nemi a gyara tsarin ne domin ya ɗore, su kuwa su Malam Aminu Kano cewa suka yi tsarin kansa shi ne cutar. Bayan dokar 1954 ma ba a fasa kama 'yan NEPU ana kai su gaban alƙali a kan sun yi lacca ba izini ba, kuma hakan ya ci gaba har cikin shekarun da Ɓalewa ke Firayim Minista a ƙarƙashin jam'iyyar NPC. Haraji da jangali kuwa ba su bar ƙasar Kano ba, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, sai da Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya hau gwamna a 1979 ya soke su. Saboda haka ina roƙon Malam kada ya koya wa yara cewa magana a majalisa ita kaɗai ta sauke wa iyayensu kaya. Akwai waɗanda suka sha ɗauri da bulala a kan wannan magana, ba a kuma rubuta sunayensu a kundin majalisa ba.

Akwai kuma muhawarar Mayun 1962, inda Ɓalewa ya kawo ƙudirin kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma bayan rikicin Awolowo da Akintola, aka naɗa Dokta Majekodunmi kantoma. Har yau masana suna sa-in-sa a kan ko matakin ya kashe wutar ne ko ya ƙara rura ta.

Tsohon hedimasta:

Ɗana, gaskiya ka faɗa, kuma ban ce shi kaɗai ya yi aikin ba. Sai dai ka tuna Ɓalewa da Malam Aminu da Malam Sa'adu Zungur duk sun zauna a Bauchi a lokaci guda, suna tafka muhawara a dandali ɗaya tun kafin a kafa jam'iyyu. Damuwarsu ɗaya ce, a hanya suka rabu. Matsin lambar da ake yi a waje ba ya zama doka sai an samu wanda zai tsaya a ciki ya tsara shi cikin lafazin da abokan zamansa ba za su iya turewa ba, kuma wannan ita ce baiwarsa: ba ya ɗaga murya, ba ya zagi, yana jera hujja bi da bi har sai mai hamayya ya rasa inda zai kama. Da irin wannan salon aka kare matsayin Arewa a taron Ibadan na 1950, inda ta nemi rabin kujerun majalisar tsakiya, ta kuma samu 68 cikin 136.

Malama mai koyarwa, daga ƙasar Kazaure:

Iyayena, ku ba ni dama in ƙara abu ɗaya wanda ɗalibai mata za su tambaya ko ba jima ko ba daɗe. A duk tsawon zaman Ɓalewa a majalisa, matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a, alhali matan Kudu sun yi zaɓen tarayya na 1959. Jam'iyyarsa ba ta goyi bayan ba mu wannan dama ba, NEPU ce ta nema, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a wannan fafutika. Sai a 1976 aka fara barin matanmu su yi zaɓe. Wannan giɓi ne babba a tarihin mutumin da nake girmamawa, kuma bai kamata a ɓoye wa yara shi ba.

Shawarata ga Malam ita ce ya raba ajin gida biyu, ɓangare ɗaya ya kare ƙudirin 1950, ɗayan ya kare matsayin NEPU, amma kafin ranar ya umarci kowane yaro ya je ya tambayi kakansa ko kakarsa yadda ake karɓar haraji da jangali a garinsu, wa ke zuwa, nawa ake biya, da abin da ke samun wanda ya kasa.