Tsohuwar kyamara ta hannu: Canon A590 ko Fuji F30?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum. Kyamarori biyu na hannu ke gabana, ɗaya zan ɗauka. Akwai Canon PowerShot A590 IS, da jakarta da kati a ciki. Sai Fujifilm F30, ba kati ba caja, amma mai ita ya ce lafiyarta ƙalau. Yawancin hotunan na cikin ɗaki ne, da daddare. Wacce ya kamata? Don Allah kar a ce min waya.

Sarkin Zum: Wa alaikumus salam. Hajiya, wayar hannunki ta fi su duka biyun.

Ummu Hanan: Ka dai karanta layin ƙarshe, Malam.

Mai Hoto: In dai hoton dare ne, F30 ce. Ta 2006 ce, megafiksel 6 kacal, amma sensarta, wato ɗan farantin da ke karɓar hasken hoto, ta fi ta A590 faɗi, shi ya sa ko an ɗaga ƙarfin karɓar haskenta (ISO) zuwa 800 hoton ba ya cika yin yashi. Inda gizo ke saƙar shi ne kati. Ba ta cin SD, sai xD, wanda aka daina ƙerawa tuntuni, kuma mafi girmansa gig 2 ne. Batirinta NP-95, ana samun sabo da cajarsa ta waje. Ki fara samo katin kafin ki biya kuɗin kyamarar.

Baba Mai Gyara: 'Yata, wannan “lafiyarta ƙalau” ita ce maganar da ta fi cinye kuɗin mutane. Kyamarar da ba caja ba kati, da me aka gwada ta? Abin da ke kashe irin waɗannan shi ne idon da ke fitowa ya koma. Haƙoran da ke tura shi na roba ne. Ƙwayar yashi ɗaya, ko a kunna ta tana cikin jaka, sai haƙori ya karye, ido ya tsaya rabin hanya. Tsofaffin Canon E18 suke rubutawa a allo in haka ta faru. Mai sayarwa ya san in ya ɗan buga ta a tafin hannu za ta buɗe sau ɗaya, kuma sau ɗayan nan ne zai nuna miki.

Ki kunna ki kashe sau goma a jere, kunnenki na kusa da ita. In kika ji ƙara kamar ana niƙa, ajiye. Ki ja zum har ƙarshe ki ɗauki farin bango: ɗigon toka da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sensa, sai an farke kyamarar take fita. Ki haska tocila cikin idon, in akwai zare-zare kamar yanar gizo, fumfuna ce. Sannan ki fita rana ki ɗauka. Hoton ɗaki ya yi kyau amma na waje ya fito fari fat da layi-layi? Ƙyauren cikin ido ya maƙale. Kuma kar wanda ya ce miki ki kwance ta da kanki, ma'ajin wutar filasha yana riƙe kusan volt 300 ko an cire batir.

Sarkin Zum: Baba bai bar mana ko ɗaya da rai ba. Mu koma zane da fensir.

Mai Hoto: Da girmanka Baba, mai gyara matattu kawai ake kawo masa. Masu aiki ba sa zuwa teburinka.

Baba Mai Gyara: Kai kuma hoto kake gani, ba ka taɓa ganin cikinta ba.

Yaya Binta: Ku bar musu. Ƙanwata, A590 ba ta da wahalar kaya. Batir AA biyu, kati SD ko SDHC har gig 32. Kar ki sa mata na gig 64, SDXC ne, ba za ta gane shi ba. Batirin alkalin kuwa ɓarnar kuɗi ne, filasha na jan wuta sai ta nuna ya ƙare alhali da saura. Ki nemi masu caji, NiMH, guda huɗu, biyu a ciki biyu a aljihu. Ki buɗe murfin batir ki duba ƙarafunan, farin gari ko tsatsa alamar batir ya taɓa zuba ne. In kullum tana tambayar kwanan wata, ɗan batirin CR1220 ne ya mutu, canji kawai. Aibinta na dare: bayan kowace filasha allo kan ɗauke na 'yan daƙiƙu kafin ta sake shiri.

Ummu Hanan: To, kuɗinsu kusan ɗaya ne. Hakan daidai ne?

Yaya Binta: Ina! Wadda ba kati ba caja ai rabin kuɗi ce.

Mai Hoto: Ba a yanzu ba, Yaya. Tun da matasa suka dawo yayin hoton CCD, wato irin sensar tsofaffin kyamarorin nan, F30 ko tsirara ta fi A590 tsada. In farashinsu ɗaya, ko an yi sa'a ko akwai abin da aka ɓoye.

Baba Mai Gyara: Ka dawo kan maganata ke nan. Launin da suke yabo ma yawancinsa aikin manhajar kyamarar ne, ba na CCD ba.

Sarkin Zum: Ni katin da ke cikin Canon ɗin nake tuhuma. Na jabu a rubuce gig 32, ainihinsa bai kai ba. Hotunan farko su buɗe, na baya duk su lalace.

Yaya Binta: A cika shi taf a kwamfuta da manhajar gwada kati H2testw, za ta faɗi gaskiyarsa. Sannan a yi masa fomat a cikin kyamarar, ba a kwamfuta ba. Batura ma haka ake yi da su, a manna adadin mAh, ma'aunin wutar da batir ke riƙewa, da jikin batirin ba zai iya ɗauka ba.

Baba Mai Gyara: Su ne masu kumbura su ƙi fita daga raminsu. A ɗora batirin irin na Fuji a tebur a juya shi, in ya yi ta juyi kamar katantanwa, cikinsa ya taso.

Ummu Hanan: Na gode. Amma har yanzu ba a ce min wacce ba.

Sarkin Zum: Cajojin jabu fa, ba wanda ya taɓo su.