Muhawara: Tsanin matakan shaidar ƙwarewa ya isa ya buɗe wa mai sana'a ƙofar ci gaba da karatu?

Malam Garba: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da na kawo, kuma a kanta nake tsaye: duk ƙasar da ta kafa tsarin matakan shaidar karatu da ƙwarewa, to ta ci rabin aikin koyo har tsufa. Ku dubi na Tarayyar Turai da aka amince da shi a 2008. Matakai 8 ne, digirin farko a mataki na 6, na biyu a na 7, digirin digirgir a na 8. Ba da shekarun zaman aji ake auna matakin ba. Abu uku ake dubawa: abin da ka sani, abin da hannunka ya iya, da irin nauyin da za ka ɗauka ba tare da wani ya tsaya a kanka ba. Da wannan ma'auni ne Jamus ta ɗora shaidar Meister, wato ta gwanin sana'a mai ikon horar da yara, a mataki na 6 tun 2013, kafaɗa da kafaɗa da digiri. Kafinta da injiniya a mataki ɗaya. Idan wannan ba buɗe ƙofa ba ne, mene ne?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam Garba, misalin da ka kawo shi ne ya kayar da kai. Zama a mataki na 6 bai ba mai Meister ikon shiga karatun digiri na biyu kai tsaye ba. Tsarin na Jamus bayani yake yi, ba ya ba da haƙƙi. Dokar jami'o'i daban, ƙa'idar albashi daban. Kuma darajar Meister ta girmi tsanin nesa ba kusa ba, ƙungiyoyin masu sana'a ne suka gina ta da jarabawa mai tsauri. Tsanin ya tarar da ita ne, ya rubuta mata lamba. A 2010 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da bincike a kan ƙasashe 16, kuma hujjar da aka samu cewa tsare-tsaren sun cika alkawuran da aka yi da sunansu kaɗan ce ƙwarai.

Malam Garba: Hajiya, ai yawancinsu jarirai ne a lokacin.

Hajiya Binta: Na Afirka ta Kudu ba jariri ba ne. Dokarsa ta 1995 ce. Suka farfasa kowane ilimi gutsi-gutsi, aka yi rajistar ɗimbin ƙananan ma'aunai, da yawansu babu makarantar da ta taɓa koyar da su. Kwamitoci sun yi ta rubuta takarda, ajujuwa da shagunan horo suna nan yadda suke. Sai a 2008 aka sake doka, matakai suka tashi daga 8 zuwa 10, aka raba aikin tsakanin majalisu uku: ta makarantu, ta manyan makarantu, da ta sana'o'i. A New Zealand ma jami'o'i ƙi suka yi a yanka musu digiri ta wannan hanya.

Injiniya Sale: Ku bar ni in sauko da maganar ƙasa, wurin da ake tantance mutum, don a nan ne ake gane ko tsarin na da rai. Ɗauki mai haɗa wayar lantarki da ya shekara 15 yana aiki ba shi da takarda. Da farko ana zama da shi a jera masa abin da matakin ke buƙata ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne yake da hujja a kai. Sai ya tara kundin hujjoji: hotunan aikinsa, shaidar waɗanda ya yi wa aiki, takardun kwangila. Bayan nan mai tantancewa ya tsaya a kansa yana aiki. Ya ga ko ya kashe wuta ya tabbatar da na'urar gwaji cewa layin ya mutu kafin ya sa hannu. Ya ga ko ya ja waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 zuwa soket, mai 1.5 zuwa fitilu. In ya gama, a miƙa masa na'urar auna ƙarfin rufin waya, ya saita ta a kan bolt 500, ya karanta, ya faɗi ko sakamakon ya kai megohm 1 da ake buƙata. Sannan tambayoyin baki.

To a tambayoyin bakin nan ne tsofaffin hannu suka fi zubewa. Aikinsa tsaf, ko'ina a miƙe, amma ka ce masa ya lissafa kaurin wayar da za ta ɗauki injin mai nisan mita 60 ba tare da wuta ta rage ƙarfi a hanya ba, sai ya ce haka ya ga maigidansa na yi. Wannan mutumin ba korarsa ya kamata a yi ba, kuma ba miƙa masa takarda ya kamata a yi ba. Darasin cike giɓi yake buƙata, na 'yan makonni, da yamma ko ƙarshen mako, a kan lissafi da ƙa'idojin kariya kawai. Idan babu inda zai sami darasin, tsanin bai tsinana masa komai ba, sai ma ya koma gida da sunan wanda ya faɗi.

Malama Ladi: Injiniya, ka tsallake abin da ya fi ɓata lamarin: wa ke biyan mai tantancewa? In cibiyar da ta horar da mutum ita ce za ta tantance shi, kuma kuɗinta ya rataya a kan yawan waɗanda suka ci, to an ba kura ajiyar nama. Shi ya sa ake sa mutum na biyu a cikin cibiyar ya ɗebi wasu kundaye ya sake dubawa, sannan na uku ya zo daga hukumar da ke ba da shaidar. Ɗibar ma sai ta shafi kowane mai tantancewa da kowane darasi, kuma a fi matsa wa sabon hannu. Da zarar masu ɗaukar aiki sun gwada mutum biyu ko uku masu takardar suka tarar ba su iya ba, shi ke nan, za su koma yin nasu gwajin a bakin ƙofa, takardar kowa ta faɗi har da ta masu gaskiya.

Malam Garba: Duk na ji, amma ku lura, abin da Injiniya ya zayyana ba ya yiwuwa sai da ma'aunin da aka rubuta. Da me za a gwada mai wayar in babu shi? Faransa ta yi doka a 2002 da ta ba mutum damar karɓar cikakkiyar shaida, har da digiri, ta hanyar ƙwarewar aiki. A farko sai ka shekara 3 a aikin, a 2016 aka rage zuwa 1. Ka rubuta kundi, ka zauna gaban kwamitin alƙalai, su ba ka duka ko su ba ka wani sashe su faɗa maka abin da ya rage.

Hajiya Binta: Madalla, yanzu ka zo inda nake. Doka ce ta ba da wannan haƙƙin, ta ɗora wa makarantu nauyin kafa kwamitin. Jerin matakai bai tilasta wa kowa komai. Kuma kundin nan rubutu ne mai yawa, dole ka bayyana aikinka da irin harshen manhajar. Wanda ya bar makaranta da wuri, wato ainihin wanda aka yi abin dominsa, shi ya fi sarewa a hanya in ba a haɗa shi da mai yi masa jagora ba.

Malama Ladi: Haka maganar maki, wato ma'aunin yawan karatun da mutum ya yi, wanda ake tarawa a tafi da shi wata makaranta. A Scotland maki 1 awa 10 ne na koyo, a jami'o'in Turai shekara guda maki 60 ce, kowanne awa 25 zuwa 30. Lissafin ba wuya. Amma makarantar da za ka koma ita ke yanke nawa za ta karɓa. Kana iya zuwa da maki 120 a mataki daidai, a ce darasinka bai yi kama da nasu ba. Ingila ta gwada tsarin tara maki daga 2008, a 2015 ta sauke shi. Na Scotland mai matakai 12 ya tsaya da ƙafarsa ne saboda kwalejoji da jami'o'i sun zauna sun ƙulla yarjejeniya kwas da kwas: mai babbar difloma ta shekara biyu ya shiga aji uku na digiri.

Malam Tanimu: Ni kuɗi da lokaci ne damuwata. Magidanci mai shekara 40 ba zai rufe aikinsa ya tafi aji ba. Faransa tana zuba wa ma'aikaci yuro 500 duk shekara a asusun horo har ya kai 5,000. Singapore ta ba duk ɗan ƙasa mai shekara 25 zuwa sama dalarta 500 tun 2016. Ingila ta buɗe irin wannan asusu a 2000, ta rufe a 2001 saboda cibiyoyin bogi sun yi ta kwasar kuɗin. A nan dai ina bayan Malam Garba: rajistar shaidun da aka amince da su ita ce ke nuna wa gwamnati kwas ɗin da ya cancanci a biya.

Malam Garba: To kin gani, Hajiya. Na janye "rabin aiki", amma ban janye cewa da tsanin ake farawa ba.

Hajiya Binta: Ni kuma na ce a fara da sana'a uku ko huɗu, a horar da masu tantancewa, a buɗe ajin cike giɓi, a sa kwaleji ɗaya da jami'a ɗaya su sa hannu a yarjejeniya, sannan a zana tsanin a kan abin da ya riga ya yi aiki. Injiniya, kai da ka san filin: kundaye nawa mai tantancewa ɗaya zai riƙe a lokaci guda kafin ya fara sa hannu a kan aikin da bai gani da idonsa ba?