Muhawara: Da Gaske Dorina Ta Fi Kusa da Kifin Wel Fiye da Alade?

Ɗan Lab: Matsayina shi ne, in ƙashi da DNA, wato sinadarin gado, suka saɓa a kan dangantakar dabbobi, DNA ne alƙali. Ga misali. An daɗe ana ajiye dorina kusa da alade saboda kamannin haƙora da ƙirar jiki. Shi kuwa kifin wel, wanda ba kifi ba ne tunda yana haihuwa yana shayarwa, sai Leigh Van Valen ya jingina shi a 1966 ga wasu ɓatattun dabbobi masu kofato da ke cin nama, mesonikid, don turamensu sun yi kama. Da aka karanta DNA a shekarun 1990, har da na sinadarin madara, sai ga dorina da wel a reshe ɗaya. Ƙashi ya ɓatar da masana shekara talatin.

Malamar Burbushi: Malam, ka taƙaita labarin inda ya yi maka daɗi. Haƙori ne ya ɓatar da su, kuma haƙori abinci yake bi: dabbobi biyu da ba su haɗa komai ba, in suna yagar nama, turamensu za su yi kama. Amma me ya rufe gardamar? Ƙashin idon sawu. A duk dangin tunkiya, saniya, raƙumi, alade da dorina, wannan ƙashi yana da kwari a kansa na sama da na ƙasa, sai ƙafa ta riƙa lanƙwasa gaba da baya kawai. Mesonikid ba su da irinsa. A Satumban 2001 ayarin Philip Gingerich da na Hans Thewissen suka fitar da ƙafafun tsoffin wel daga Pakistan, Rodhocetus mai shekara wajen miliyan 47 da Pakicetus mai wajen miliyan 50, ga ƙashin nan da kwarinsa biyu. Gingerich da kansa ɗan ɓangaren mesonikid ne, ganin ƙashin ya sa ya sauya ra'ayi.

Ɗan Lab: Wato ƙashi ya zo daga baya ya ce amin. Kuma idon sawun ya nuna dangi ne kawai, bai ware dorina ba. Wanda ya ware ta shi ne aikin ɗakin binciken Norihiro Okada a Japan, 1997 da 1999. Akwai guntayen DNA da ake kira SINE, masu tsawon haruffan DNA ɗari zuwa 'yan ɗaruruwa, masu kwafar kansu su liƙe a wani gurbi. In ɗaya ya liƙe a jikin kaka, jikoki duk za su gaje shi, kuma da wuya ya fita tsaf ko ya sake faɗawa gurbi guda a wani jinsi. Gwajin ba wuya: ka tsara firaima biyu, wato gajerun guntayen DNA masu shata iyaka, a gefe da gefen gurbin, ka yi PCR don ka ninka abin da ke tsakaninsu, ka zuba a jel mai ware guntaye bisa tsawonsu. Mai guntun zai ba da layi mai tsawo, marar shi gajere. Sakamakon: raƙumi ya fara rabewa, sai alade, sai masu tuƙa irin shanu, dorina da wel suka rage tare.

Likitan Dabbobi: Zancen raƙumin nan ya yi daidai da abin da wuƙa ke nunawa. Raƙumi yana tuƙa, amma cikinsa ɗaki uku ne, na saniya huɗu, kuma shimfiɗar bangonsu daban. Wanda ya tsaya a "duka suna tuƙa" zai haɗa su. Wanda ya buɗe ciki ya duba da kyau ba zai yi gaggawa ba. Don haka laifin ba na ilimin ƙirar jiki ba ne, na zaɓen alama ne. Alamomi goma da abinci ɗaya ya haifar, shaida ɗaya ce aka maimaita sau goma.

Malamar Burbushi: Na gode, Dakta. Kuma DNA ma ya sha yin tuntuɓe. A 1991 da 1996 an buga bincike cewa ɓeran Masar ba dangin ɓera ba ne. Kuskure ne. Haka a 1993 DNA na mitokondiriya, sashen ƙwayar halitta mai samar da kuzari, ya raba wel mai babban kai daga sauran masu haƙora ya kai shi wajen masu tace ruwa. Shi ma an warware. Dalilin sananne ne tun bayanin Felsenstein na 1978: haruffan DNA huɗu ne kacal, rassa biyu masu saurin canzawa sai su yi ta dacewa bisa katari, kwamfuta ta ɗauka gado ne. Ƙara tsawon DNA ba ya maganin wannan, sai ma ya ƙarfafa kuskuren. Za ka maimaita butstiraf, gwajin ƙarfin sakamako, sau 1000 ka samu kashi 100, alhali bishiyar dangantakar karkatacciya ce.

Ɗan Lab: Wannan gaskiya ne, Malama, amma maganinsa a hannunmu yake: ƙara jinsuna don a karya dogayen rassan, zaɓen dangin waje na kusa wajen dasa tushe, cire harafi na uku na kodon, wato rukunin haruffa uku-uku na DNA, in ya cika da sauye-sauye. SINE ma yana da ramin da na sani: in jinsuna suka rabu a kurkusa da juna, gurbi ɗaya zai iya ba da labari daban. Shi ya sa ba a yanke hukunci da gurbi guda.

Malamar Burbushi: To ga inda injinka ba ya shiga. DNA mafi tsufa da aka karanta na Girinlan ne, shekara wajen miliyan 2. Wel kuwa ya haura miliyan 50, burbushin dorina bai wuce wajen miliyan 20 ba. Wa zai cike tazarar? Ƙasusuwan antirakoter, ɓatattun dangin dorina, irin Epirigenys na Kenya mai shekara miliyan 28. Sannan Indohyus na Kashmir, wata 'yar dabba da aka bayyana ƙasusuwanta a 2007, tana da kaurin bangon ƙashin kunne irin na wel. Ita ta fi dorina kusa da wel. Dorina ta fi kusa ne a cikin masu rai kawai.

Likitan Dabbobi: Tambaya gare ku duka. Dorina da wel ba su da gashin kirki, ba su da ƙullutun maiƙon fata, suna shayarwa a cikin ruwa. Ba gadon kaka ɗaya mai zaman ruwa ba ne?

Ɗan Lab: An daɗe ana zaton haka. A 2021 Mark Springer da abokan aikinsa suka duba ƙwayoyin gado takwas na fata da suka daina aiki a ɓangarorin biyu. Da gado ne, da lalacewar ta faɗa harafi ɗaya a dukansu. Ba a samu ko ɗaya da suka yi tarayya ba. Kowa hanyarsa daban ya shiga ruwa.

Malamar Burbushi: Da yawan antirakoter ɗin da ke kan hanyar dorina ma dabbobin tudu ne. Amma ka lura, Malam, wanne ya fara shiga ruwa da yaushe, ƙashin ƙafar Indohyus mai kauri za ka tambaya, ba jel ba.